Gwafar da Ta Zauna Wurin Maigandi

A Ƙofar Dundaye an yi wani maƙeri da ake kira Mode. Ba shi da yawan magana, kuma in ka ce garmarsa ta karkace, kwana uku ba zai amsa gaisuwarka ba. Shi ke duka, ƙanensa Maigandi ke zuga. Maigandi kuwa ba zuga kawai yake yi ba, kiɗa yake da fatun zugazugin nan biyu, hagu ta yi sau biyu dama ta amsa. Tsohuwarsu Kulu, wadda idonta ya mutu, da wannan kiɗan take gane gari ya waye.

Shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, jama'a suka yi ta kwarara gabas. Maigandi ya bi su, ya ce a ajiye masa wurinsa. Wurin nan kuwa wani kututturen kirya ne bayan zugazugi, zama ya sa ya yi santsi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In Mode ya zuga wuta ƙarfe ya yi ja, kafin ya zagayo ya ɗauki masaba ƙarfen ya huce. Aka ba shi shawara ya ɗauki mai zuga. Ya ce wurin yana da mai shi.

Wata rana a lambunan bakin Rima ya tsaya kallon jigo, yadda sanda ɗaya ke sunkuyawa tana ɗago guga. Ya dawo gida ya fere karan dawa, ya harhaɗa da ƙaya: gwafa a tsakiya, sanda a gicciye, kowane kai da zarensa zuwa fata guda, da ɗan katako na takawa. A kara abin ya yi kyau ƙwarai. Amma abin kara daban, na itace daban. Da ya tashi kafa na gaske, sai ya ga gwafar ba ta da mazauni sai daidai tsakiyar fatun, wato kan kututturen Maigandi.

Mode ya kafa ta a gefe.

To, ai ka san abin da zai biyo baya. Hannun sandar ɗaya ya fi ɗaya tsawo, fatar dama ta cika ta batse, ta hagu ko numfashi ba ta yi. Igiya ta rinƙa gogar itace tana tsinkewa. Ya rataya dutse, ya sake tsayin igiya, ya yi wa gwafar ƙarfe a wuya, duk a banza. Ya san inda ciwon yake, ya fi kowa sani, taurin kai ne da kewa suka hana shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Manoma suka kwashe garemaninsu suka kai wani wuri. Zauren da ubansu ya bari ya koma shiru, wani lokaci wuni guda ba a hura wuta ba. Duk baƙon da ya zo ziyara Hubbare daga gabas, Mode sai ya je ya tambaye shi. Babu wanda ya taɓa ganin Maigandi.

Ranar da maƙwabcinsa, na ƙarshe cikin masu kawo masa aiki, ya wuce da lauje a hannu zai kai wa wani maƙeri, ya kau da kai don kunya, Mode ya ɗauki dagi. Ya tumɓuke kututturen ya gangara da shi jikin bango, ya kafa gwafar a ramin. Ya taka katakon. Fatun suka amsa, wuta ta tashi fara tas. Bai yi murna ba. Bai ma san sa'ar da ƙafarsa ta kama kiɗan nan ba, hagu biyu dama ɗaya.

Sai ga Kulu tana laluben bango, zanenta na jan ƙasa.

"Maigandi! Yaushe kat taho?"

Mode ya ɗage ƙafa. Ta miƙa hannu inda kan ɗanta ya saba kasancewa, ta shafo itace da igiya. Ta daɗe tana shafawa.

"Inna, ni na," in ji Mode. "Icce na nis sa."

Ta lalubo kututturen a jikin bango, ta zauna.

"Na jiya," ta ce. "Taka mani shi, kak ka bari."