Anti Drieka da Zakin Bayan Shinge

A gonar tumaki aka haifi Anti Drieka, can inda jan rairayin yankin Mier ya tuƙe a jikin shingen gandun daji, kuma a gonar maƙwabta ta yi aure. Iyakar yawonta a duniya ke nan, in ka ɗebe coci da asibitin Upington. Mu da muka tashi kusa da ita, da abu biyu muka san ta: gurasar da take gasawa a kan garwashi, da kaifin kunnenta. In zakuna suka yi ruri da sassafe a bayan shinge, sai ta tsaya cak ta ce, "Tsohon nan ne mai kaushin murya. Yau matansa sun bar shi da yunwa." Ta san muryoyinsu kamar na abokan waƙarta a coci, amma ba ta taɓa sa zaki a ido ba. Tana yarinya, irinmu da ba Turawa ba ba ma shiga gandun sai da tsintsiya ko shebur. Da aka buɗe wa kowa ƙofa kuma, ga 'ya'ya, ga tumaki, kullum sai baɗi.

Sai ido ya fara tafiya. Wani tabo mai toka-toka ya zauna mata a tsakiyar gani. Duk abin da ta duba kai tsaye ɓacewa yake, gefe-gefe kaɗai ya rage. Likita bai ɓoye mata ba: kafin sanyi ya shigo, gefen ma zai rufe.

"Tsoho," ta ce wa mijinta, Kawu Ferdie, "kai ni in ga mai muryar nan."

"Wa? Ɓarawon nan? In ƙona fetur ɗina in je gaida wanda ya cinye min raguna?"

"Ai shi ya sa. In ga wanda ya fi ka cin naman gidan nan."

Kawu Ferdie makiyayi ne tun yana yawo ba takalmi. Dila, kura, damisa, duk sunansu ɗaya a bakinsa: ɓarawo. Ya sha gunaguninsa har ya ƙoshi, sannan wata safiya ya rage wa tayoyin akori-kurarsa iska saboda yashi, ya shimfiɗa mata bargo a kujera.

Suka bi busasshen kogi a hankali, motar tana lilo a kan yashi kamar kwalekwale. Zafi na rawa a nesa, itatuwan ƙaya suna shawagi kamar ba su da gindi. Wani mariri ya tsaya a ƙoƙuwar tudu, ƙahonninsa sun soki sama. Ita dai launuka take gani suna narkewa cikin juna: ja, shuɗi, fari-farin ciyawa.

"Me ke tafiya can kamar mata za su coci?"

"Jiminu ne."

"Gaishe min da su."

Duk motar da suka yi karo da ita, sai a tsaya taga da taga kamar yadda aka saba. Wannan ya ce ya ga sawu, wancan ya ce jiya ne aka gan su. Rana ta take, ta karkata. Sai wata baƙuwa mai jar hula ta raɗa musu, kamar mai tsegumi, cewa su yi sauri zuwa mashayar dabbobi da ke gaba.

Sun tarar da motoci a jere, an kashe injuna, ba mai ko tari. Wata barewa na tsaye a bakin ruwa da sabon ɗanta, ƙafafunsa na kakkarwa.

"Ga ta can," Kawu Ferdie ya raɗa. "Zakanya, kwance a ciyawa."

"Ina?"

"Daidai hancinki."

Anti Drieka ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Zakanya da ciyawa launinsu ɗaya, kuma da nisa.

"Ba na ganin komai, Ferdie."

Ba kasafai take kiran sunansa ba. Ya mai da ido kan ɗan barewar, wanda bai fi 'yan ragunan da yake ɗauka cikin rigarsa ba. Zakanya ta lafe, ta fara jan ciki. Shi ya rantse har gobe bai san lokacin da hannunsa ya fita taga ba. Sai dai aka ji ƙofar mota bam! bam! bam!

"Kai! Ɓarauniya! Bar nan! Bar nan, 'yar banza!"

Har da fito. Barewa da ɗanta suka cilla sama suka ɓace. Zakanya ta miƙe, ta sulale bayan tudu.

Wani ƙato mai doguwar kyamara ya leƙo daga motar gaba, fuskarsa ja wur. "Kawu, lafiyarka kuwa? Tun safe muke nan!"

"Yi haƙuri, ɗana. Hannun ne."

"To a kai hannun gida!"

Ɗaya bayan ɗaya motocin suka watse, kowa na aiko musu da harara. Shiru ya dawo, sai kukan kurciya. Kawu Ferdie ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Na kore miki ita, tsohuwa."

"Ka kore."

"Gobe mu dawo."

"Wa zai ba tumaki ruwa? Bar shi. Ɗan barewar dai ya tsira?"

"Ya tsira."

"To."

Suna zaune a haka, inuwar wata bishiya a bayansu ta motsa. Ashe akwai mai barci a ƙarƙashinta wanda ba wanda ya lura da shi, ihun ne ya tashe shi. Ya yi hamma, ya girgiza, ya taho kan hanya ba gaggawa, don ya ga mai wannan rashin kunya. Ya biyo ta ɓangarenta, har ana jin yashi na kuka a ƙarƙashin tafinsa. Warinsa ya shigo motar tun kafin ya iso.

Anti Drieka ta juyo da fuskarta wajen mijinta.

"Ba ni za ki kalla ba!" ya ce. "Ga shi can a tagarki!"

"Yi min shiru. Shi nake kallo."

Da wutsiyar ido take kallonsa. Zakin ya tsaya, ya cika gefen duniyar da ya rage mata. Iska na kaɗa gashin wuyansa, rana ta zuba masa zinariya a kafaɗa. Ya daɗe a nan, ko kuwa su ne suka ga kamar ya daɗe. Sannan ya yi wani ɗan gurnani can ƙasan maƙoshi, ya wuce wajen ruwa.

"Shi ne," ta ce. "Muryarsa ce. Ba ka taɓa gaya min gashinsa baƙi ne ba."

"Ni ina na sani? Sawunsa kawai nake tararwa, da ƙashin ragona."

"Yana da tabo a hanci. Ya fi ka kyau."

"Ai ni na ciyar da shi."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta jingina da kujera, ta rufe ido, ta ɗora tafin hannu a kansu.

"Ga raƙuman dawa can, in tsaya?" ya tambaya bayan sun ɗan taɓa tafiya.

"A'a. Kada wani abu ya hau min kansa a ido. Kai dai ja mu a hankali."

Haka ya tuƙa ta har gida, yana kauce wa kowane rami, ita kuwa ba ta buɗe idon ba.