Shekarar da Baffa Ishaya Ya Dawo

Ƙauyenmu yana gabas da Gozaki, gidaje kaɗan ne a tsakiyar gonakin masara da auduga, da 'yar majami'armu mai rufin kwano a bakin hanya. Idan kaka ta wuce, sanyi ya sauko, da an ci tuwo sai mu yara mu tattara a ƙofar ɗakin kakarmu Lami, mahaifiyar babana. Takan hura wuta da totuwar masara, ta tura dankali cikin garwashi, ta miƙe ƙafafu. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya sami wurin zama. Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, tana ɗingishi." Mu kuwa mu amsa, "Ta ƙaraso a hankali, muna jira."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Wadda ta zauna daram ita ce ta shekarar da Baffa Ishaya ya dawo.

Baffa Ishaya ƙanin babana ne. Tun ina goye ya kora shanun huɗar gidanmu biyu zuwa kasuwa, ya sayar, ya shiga mota ya yi Kudu. Shanun nan su ne ƙarfin gida. Bayan tafiyarsa babana ya koma noma da hannu, shi kaɗai, ga tsohon mahaifinsu kwance ba lafiya. A hannun babana tsohon ya cika, Baffa bai zo jana'iza ba. Na tashi ina jin sunansa kamar sunan wani ciwo da ba a faɗa a gaban baƙi.

Ina aji huɗu a firamare wata mota ta ajiye shi a bakin hanya, ramamme, yana tari, da 'yar jaka ɗaya. Kaka ta fito da gudu ba ko ɗankwali. Babana kuwa ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Inna, in ya shigo, ni na fita." Dole Baffa ya koma kwana a ɗan ɗakin da ake ajiye bencuna a bayan majami'a. Ni ce nake kai masa tuwo da Kaka ta zuba, babana yana gani, ba ya hanawa, ba ya kuma tambaya.

Ana haka wata Lahadi Fasto Yohanna ya yi wa'azi a kan labarin Littafi Mai Tsarki na wani mutum mai 'ya'ya biyu, wanda ƙaramin ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar, ya dawo, ubansa ya yanka masa maraƙi. Fasto bai tsaya a kan ƙanin ba. Ya ce yau a kan wan zai yi magana, wanda ya zauna ya yi wahala, ya dawo daga gona ya tarar ana kiɗa saboda wanda ya gudu. Ya ce shi kansa wannan wuri yana yi masa nauyi, domin Littafi bai faɗa mana ko wan ya shiga gidan ba, an bar shi tsaye a waje. Kafin ya ƙarasa, babana ya ɗauki hularsa ya fice. Ranar akwai Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Almasihu, bai dawo ya karɓa ba. Mutumin da shi ke buɗe majami'a kowace Lahadi.

Da yamma gidan ya yi tsit. Mamana tana ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke. Babana yana zaune a kan turmi can gefe, ya ba mu baya, yana gyara ƙotar fartanya. Mun ɗauka yau ba tatsuniya, sai muka ga Kaka ta hura wutarta kamar kullum, ta ma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wata ƙasa mai ƙarancin ruwa an yi wa da ƙani. Wan ya haƙa rijiya, ya sha wuya har farcensa ya zube, ya kai ga ruwa mai sanyi. Wata rana ƙanin ya sace guga da igiya da jakin da ke ɗaukar ruwa, ya gudu. Wan ya zauna ya tuƙa sabuwar igiya da rama, ya ɗinka guga, ya riƙa ɗaukar tulu a kansa har gashin wurin ya ƙare. Ya rantse bakin ƙanin nan ba zai ƙara taɓa ruwansa ba.

Shekaru suka wuce, sai ga ƙanin ya dawo, leɓensa duk ya tsattsage. Da wan ya hango shi, sai ya mirgino wani faffaɗan dutse ya rufe bakin rijiyar, ya hau kai ya zauna. Ƙanin ya koma gindin tsamiya ya zauna shi ma. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Awakin wan suna kuka. Matarsa da 'ya'yansa suka koma ɗibar ruwan kududdufi. Shi kansa maƙogwaronsa ya bushe, amma ya san in ya buɗe don ya sha, wancan ma zai matso.

Sai ga wata tsohuwa mai tallan daddawa ta zo wucewa. A nan Kaka ta canza murya, ta yi ta siririya. "Mai rijiya, me ya same ka kake haki?" Ya ce, "Ruwana nake tsaro." Ta ce, "Naka ne kam. Kai ka haƙa, kai aka cuta, duk garin nan ba mai musu. To amma, ɗana, yanzu wa ke sha?"

Wan ya sauko ya kama dutsen zai ɗaga, ina! Ƙishirwa ta cinye ƙarfinsa. Ya gwada, ya sake gwadawa, dutse ko motsi. Bai kira ƙaninsa ba. Ƙanin ne ya taso da kansa ya kama ɗaya gefen, suka mirgina shi tare.

Ƙanena Bitrus ya ce, "Kaka, wa ya fara sha?"

Ta ce, "Wan mana. Ya sha, ya sha, har ya jiƙa rigarsa. Ƙanin yana tsaye riƙe masa da igiya. Ƙurunƙus, na sauke, wanda ya ga ta yi masa daidai ya ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya. Daga kan turmi babana ya yi magana bai juyo ba. "Inna, na ji. Fasto ya faɗa da safe, ke kin faɗa da yamma. Kowa ni yake wa wa'azi. Shi da ya tafi an fito masa da gudu ba ɗankwali. Ni da na zauna, wa ya taɓa ce mini sannu?"

Babana ɗan fari ne, kuma Kaka mutuniyar dā ce. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yaba shi a gaban mutane, ko magana za ta yi masa sai ta ce "a gaya wa mai gidan nan". Mun saba da haka har ba ma lura. Ranar nan ta dafa ƙasa ta tashi, ta taka har inda yake, ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Dauda."

Mamana ta saki murfin tukunya.

"Dauda, sannu. Na ga hannuwanka shekarar da ka nome gonar fadama kai kaɗai. Na ga yadda ka riƙa ɗaga mahaifinka kana juya shi. Na gani duka, na yi shiru, domin haka aka koya mana. Ban fito maka da gudu ba, gaskiya ne, ai ba ka taɓa barina ba balle in tare ka. Ba na ce a yi adalci ba, in adalci za a bi, Ishaya ya mutu a ɗakin bencuna. Alheri nake roƙo, kuma wanda yake da shi ake roƙa."

Babana ya sunkuyar da kai. Mamana ta kora mu ɗaki, dankalinmu ya ƙone a wuta.

Kada a ɗauka washegari aka rungumi juna. Babana ya yi makonni bai taka majami'a ba. Fasto Yohanna yakan zo ya zauna da shi a rumfa, su yi hirar taki da farashin auduga, ya yi addu'a ya tafi, bai taɓa tayar da maganar ba. Har maƙwabcinmu Malam Audu, wanda ke ba mu aron shanunsa in ya gama huɗa, ya taɓa ce masa, "Dauda, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Babana ya ce, "Na sani, Malam," ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata safiya na kai koko ɗakin bencuna, na tarar Baffa yana tari har da jini. Na ruga gida ina kuka. Babana ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai ya shiga ya fito da babur. Da zanen Kaka ya ɗaure Baffa a bayansa don kada ya faɗi, ya kai shi asibiti a Malumfashi. Da aka sallame shi, bai mayar da shi bayan majami'a ba. Ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu ya ce, "Sauka. Ɗakin Baba ba kowa." Lahadin da ta biyo, babana ne ya buɗe majami'a. Ya zauna a bencinsa, Baffa yana can baya. Sai da damina ta zagayo kafin na ga sun ci tuwo a kwano ɗaya.

Baffa Ishaya ya yi 'yan shekaru tare da mu. Ba shi da ƙarfin noma, sai ya koma gyaran kekuna a bakin hanya, kuma shi ya riƙa kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Kaka ta riga shi rasuwa, 'ya'yanta biyu suna gefenta.

Yanzu ina zaune a Funtua, ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Duk sa'ad da muka zo kan labarin ɗan da ya lalatar da gādonsa, yara sukan ce wan yana da gaskiya, ni kuma ba na yi musu gardama. Abin da nake nuna musu shi ne uban sau biyu ya fita daga gida, sau ɗaya don wanda ya ɓata a nesa, sau ɗaya don wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana fushi. Yawancinmu da muke cika bencuna mu ne na bakin ƙofar, kuma mu ma an fito nemanmu.

Bara na je gida, babana ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Muna zaune a rumfa na tambaye shi ko ya manta da maganar shanun nan. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Rifkatu, har gobe in na ji ana kora shanun huɗa, sai raina ya sosu. Sai in sake yafe masa, ko da yake yana kabari. Abin kamar noma ne, ba ka cewa ai na yi bara. Sai dai gonar da aka saba nomewa ta fi laushi."