Jirgin Baba Sabulu

Duk unguwar babu wanda bai san Baba Sabulu ba. Laƙabin daga aljihunsa ya samo asali, domin akwai 'yar guntuwar sabulu nannaɗe a leda da ba ta rabuwa da shi. In ya gaisa da mutum, tun kafin a gama tambayar iyali idonsa ya fara neman famfo. Ba girman kai ba ne, haka aka halicce shi da ƙyanƙyami. Ƙuda ɗaya ya sauka a bakin kwanonsa, to shi ke nan, ya ƙoshi.

Abin dariyar shi ne sana'ar da Allah ya haɗa shi da ita. Haƙoran roba yake haɗawa a wani asibitin haƙori, tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Kullum da safe sai an shigo masa da tire cike da samfurin bakunan mutane, ɗanye sharaf da yawu, wani da jini-jini, wani har da ɓurɓushin abin da mai shi ya karya kumallo da shi. Ya ɗaure hanci, ya sa safar hannu a kan safar hannu, yana tsaki yana aiki. Ga shi kuma duk garin babu mai hannunsa. Tsofaffi kan dawo yi masa godiya, su wage baki don ya ga yadda abin ya zauna daram, shi kuwa yana ja da baya yana cewa, "Na gani, na gani, rufe haka nan."

Da ya yi ritaya, gida ya shiga uku. Matarsa ta wanke kofi, sai ya ɗaga shi a hasken taga yana juyawa. Ta share tsakar gida, ya bi bayanta da tsintsiya. Da abin ya ishe ta, ta kira 'yar autarsu a waya ta ce, "Auta, ki zo ki samar wa ubanki abin yi, in ba haka ba wata rana ni zai jiƙa a omo."

Auta ta zo da wani faffaɗan kwali. A jikinsa an zana tsohon jirgin yaƙi mai farfela ɗaya a hanci, irin na zamanin da, yana ratsa gajimare.

"Baba, haɗawa ake yi da hannu," in ji ta. "Komai yana ciki, har da gam da fenti."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Wato na tsufa har na koma wasan yara ke nan?"

"Ka dai buɗe."

Sai da ta tafi ya buɗe, bayan ya goge kwalin da tsumma mai ɗumi. A ciki ya tarar da 'yan gutsattsarin roba masu launin toka, jere a kan sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe, kowanne da lambarsa. Ga fukafukai, ga tayoyi, ga kujerar matuƙi da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ga bindigogi siraran kamar allura. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Babu ƙarni, babu wari. Roba ce irin wadda ya saba da ita, amma wannan ba ta taɓa shiga bakin kowa ba, kuma ba za ta shiga ba. A ranar ya kwashe tarkacen ɗakin baƙi, ya wanke shi tun daga rufi, ya jawo tebur bakin taga, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera tsofaffin kayan aikinsa: hantsaki, reza, sanfefa mai laushi, da gilashin nan mai ƙara girman abu.

Gida ya samu lafiya. Da hantsi zai shiga, ba a ƙara jin ɗuriyarsa sai an kira shi cin abinci. Ya yanke kowane yanki daga sandarsa, ya goge bakin da sanfefa har sai yatsa bai ji komai ba. Ɗakin matuƙi kaɗai ya cinye masa makonni, don sai da ya zana allurar kowane agogo da burushi mai gashi ƙwaya biyu ko uku. Inda ɓarin jirgin biyu suka haɗu aka samu 'yar tsaga, ya cike ta, ya goge, ya sake cikewa, har ta ɓace. Matarsa ta leƙo wata rana ta ce, "Baban Auta, wa zai ga cikin nan in ka rufe?" Ya ce, "Ni na san yana nan."

Ana cikin haka aka bugo waya cewa yayansa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Yaya tsohon direban babbar mota ne, ƙato mai ƙaton ciki da dariya kamar ana buga ganga. Shi ya riƙe Baba Sabulu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗauki ɗawainiyar karatunsa, da hannun nan nasa da baƙin mai bai taɓa barin ƙasan farcensa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko a mafarki ba su yi kama ba. Yaya yakan goge hannu a riga, ya goge baki da hannun, ya miƙa maka shi ku gaisa. Matar Yaya ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, gidan ƙanensa kuma shi ne kusa da asibitin da za a riƙa motsa masa jiki. Babu ma abin tattaunawa. Ɗaki ɗaya ne babu kowa, ɗakin jirgi. Aka shigo da gado aka ajiye dab da teburin.

Baba Sabulu bai bar wa kowa jinyar ba. Shi ke yi masa wanka, shi ke kai shi bayan gida, shi ke canja zanin gado in an yi rashin sa'a. Yana yi yana fita tsakar gida yana shaƙar iska, ya dawo ya ƙarasa. Ranar da ya yanke masa farcen ƙafa bai ci abincin rana ba. Yaya kuwa, da bakinsa da ya karkace, ba ya fasa tsiya.

"Yaro, ka yamutsa fuska kamar an matsa maka lemun tsami. Ni da na wanke maka kashi kana ƙarami, ka ji na yi tsaki?"

"Yaya, don Allah kar a kawo wannan maganar ina riƙe da cokali."

Ɗakin da dā ba ya ƙamshin komai sai fenti ya koma warin man zafi da gumi. Ga gwangwanin kaki a gindin gado. Ga ɓawon ayaba a kan taga. Baba Sabulu ya samo wani kwandon roba yana kife jirgin in ya tashi, amma ina. Yaya yakan miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗaga kwandon, ya juya farfelar da yatsan da ya gama cin soyayyen kifi da shi, yana yin ƙarar inji da leɓe, yawu na fantsama.

"Wannan injin nasa silinda nawa ne?"

"Yaya, fentin bai bushe ba!"

"To ai ban taɓa ba, juyawa kawai na yi."

Duk da haka aiki ya ci gaba, har ya zo kan tambura. Su ne abu na ƙarshe: 'yan alamomi da lambobi da ke kan wata takarda, ana yanka su a jiƙa a ruwa, in sun saki a zame su a hankali a kan fiffike. Sirara ne kamar fatar albasa, kuma kowanne guda ɗaya tak aka sako. Baba Sabulu ya tafasa ruwa ya bar shi ya huce, ya zuba a wani ɗan farin kwanon tangaran da ya keɓe don wannan kawai, ya saka manyan tambura biyu na fukafukai. Daidai nan aka yi sallama a ƙofar gida, mai gyaran famfo ne. Ya fita, magana ta ɗan ja.

Da ya dawo, Yaya ya gama cin abincin rana ya kishingiɗa, bakinsa ya shige ciki kamar tsohuwar jaka. A cikin farin kwanon kuwa, ga haƙoransa na sama da na ƙasa sun nutse, suna yi wa rufin ɗaki murmushi. Maiƙo ya taso yana yawo a saman ruwan, da ɓurɓushin shinkafa, da wani zaren nama. Tambari ɗaya ya naɗe a jikin turmin haƙori, ɗayan ya yage ya manne a dasashin roba.

Baba Sabulu ya tsaya kamar an dasa shi. Shi da kansa ya haɗa haƙoran nan shekarun baya, ya san kowane lungunsu.

"Yaya! Me na gani haka?"

Yaya ya buɗe ido ɗaya. "Na ga ka ajiye mini ruwa, na ce ashe yaron nan yana da hankali."

"Ga kofinka can! Ga shi can a gabanka!"

"Wancan ya yi nisa. Kuma wannan ya fi tsabta."

Da gudu ya fita, ya durƙusa a bakin magudana yana kwara amai. Matarsa ta zo tana yi masa sannu tana danne dariya da gefen mayafi, har ta kasa, ta shige kicin ta saki abinta. Kwanon dai bai sake shiga gidan ba. Haƙoran kuwa shi ɗin ne ya tsamo su da hantsaki, ya wanke da burushi yana kau da kai, ya mayar wa mai su. Tamburan da suka lalace da hannu ya zana su, da'ira cikin da'ira, yana riƙe numfashi, har sai da suka fi na takardar kyau. Amma duk lokacin da ya dubi fiffiken nan, zaren naman yake gani.

Da Yaya ya samu sauƙi, ya fara takawa da sanda, 'ya'yansa suka zo mayar da shi gidansa. Falo ya cika da 'yan'uwa. Jirgin yana kan kabad, an gama shi tsaf, kore a sama, fari-fari a ƙasa, gilashin matuƙi na ƙyalli. Kowa ya shigo sai ya yaba. Yaya ya gyara murya a gaban jama'a ya ce, "Yaro, wannan jirgin tare muka haɗa shi. Ka ba ni in riƙa tunawa da zaman nan."

Aka yi ta cewa kai, madalla, zumunci ya yi daɗi. Baba Sabulu ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ka hana yayanka abu a gaban 'ya'yansa? Ya naɗe jirgin da auduga, ya sa a kwali, ya yi ta jera sharuɗɗa: ban da rana, ban da hayaƙi, ban da taɓawa. Yaya yana ta cewa "To, to," yana sakace.

Bayan wasu watanni Baba Sabulu ya je duba Yaya. Bai same shi a gida ba, aka ce yana rumfar tsofaffin direbobi a bakin tasha. Ya bi ta tsakanin kwatoci yana ɗage ƙafar wando, har ya isa. Rumfar kwano ce, da dogon benci, da mai shayi a gefe yana soya ƙwai a kan risho mai hayaƙi. A daidai saman rishon, a jikin wata waya, jirgin ne ke lilo.

Da ƙyar ya gane shi. Jirgin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, maiƙo ya daskare a cikinsa har ƙura ta manne ta yi gashi. Ƙudaje sun yi masa ɗigo-ɗigo tun daga hanci har wutsiya. Taya ɗaya ta tafi. Farfelar ta karye, an yanko marfin gwangwanin madara an soke a madadinta. Gilashin matuƙi, wanda ya ɓoye agogunan da ya zana, wani ya liƙe shi da cingam.

"Ga shi nan!" Yaya ya daka tsawa yana buga sanda a ƙasa. "Ga ƙanena da nake ba ku labari! Shi ya ƙera wannan da hannunsa. Kai, ku tashi ku gaida injiniya!"

Direbobi suka taso gaba ɗaya, kowa da hannunsa a miƙe. Ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, yana jin tafin kowa na manne wa nasa. Ya matsa kusa da yayansa ya rage murya.

"Yaya, wannan wace irin ƙazanta ce? Ba ni shi in je in wanke, in gyara, in dawo maka da shi."

"Ka wanke? Kai dai ba ka san abu ba. Dā kamar na kanti yake. Yanzu ne ya yi kama da wanda ya je yaƙi ya dawo." Ya juya ga mai shayi. "Soya wa injiniya ƙwai, ka cika mai!"

Bai tsaya cin ƙwan ba. Ya ce yana da uzuri, ya kama hanya da hannayensa a ware, nesa da rigarsa. Da ya isa gida matarsa ta tambaye shi jikin Yaya. Ya ce, "Ya warke sarai. Har ya fi ƙarfina."

Auta ta sake kawo masa wani kwalin, wannan karon jirgi mai inji biyu. Kafin ya yanke ko yanki ɗaya, sai da ya kira kafinta ya yi masa akwatin gilashi mai kwaɗo. Yaya kuwa ya mayar da gidan ƙanen nasa wurin yini duk ƙarshen mako. Da an ji ƙwanƙwasar sandarsa a bakin ƙofa, Baba Sabulu zai rufe ɗakin jirgi, ya jefa makullin a aljihu, ya fito yana cewa, "Sannu da zuwa, Yaya. Ga ruwa can, a fara wanke hannu."