Mutumin da Ya Tsani Ɗigo

Sunan da ya bi mahaifina har tsufa shi ne Ɗigo. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa, saboda ko ziyara ya je gidan mutane ya tarar da bakin famfo yana ɗiga, ba zai zauna ba sai ya nemi roba ya ɗaure shi. Mu 'ya'yansa mun sha kunya. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sana'arsa gina tafkin ado da maɓulɓular ruwa, irin wadda ake yi a harabar otal da gaban ofisoshi da lambun masu hali, ruwa ya yi tsiri sama, ya zubo cikin kwano, ya sake komawa. Idan aka ce masa aikin ɓarnar ruwa yake yi, sai ya gyara zama. "Maɓulɓula ba ta shan ruwa," in ji shi. "Ruwan nan ɗaya ne yake zagayawa. Ɓarayin su ne rana da iska da yoyo." Mun ji wannan karatu har mun haddace. Abin da sana'ar ta bar masa dai shi ne ciwon baya da tafin hannun da siminti ya cinye, sannan injin yankan dutse ya tafi da kunnuwansa a hankali. Yanzu in kana son ya ji ka, sai ka tsaya a gabansa ka buɗe murya kamar kuna faɗa.

Akwai wata 'yar ƙaramar maɓulɓula da ya gina a tsakar gidanmu tun ina yarinya, da ragowar tayil da duwatsun da suka saura a wuraren aiki. Ba kyau gare ta ba. Kwano ne na siminti a kan wani kwanon, ruwa yana gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa da 'yar ƙara, wuni guda. Mun saba da ita har mun daina jin ta.

Umma ce ta dawo mana da ƙarar cikin kunne. Ciwon suga ya ci idonta, ya ci, har ya gama, kuma a lokacin ne ni babbar 'yarsu na tattaro kekena na ɗinki na dawo gida da zama. Na saya mata sanda, ta jingine ta bayan ƙofa. Na miƙa mata hannu, ta buge shi. "A gidan da na share tun ba a haife ki ba za ki yi min jagora?" Ashe ta riga ta samu nata jagoran. In ta fito daga ɗaki sai ta ɗan tsaya, ta karkata kai. Ruwan yana kunnenta na hagu, kicin ta nufa. Yana bayanta, banɗaki. Yana gabanta daidai, kujerarta ce a gindin bango. Haka take zagaya gidan ita kaɗai, har baƙo ya wuni bai gane ba. Wannan tafiya ita ce abin da ya rage mata nata na kanta, kuma ba ta yarda a taɓa shi.

Sai fari ya zo ya zauna. Damina ta wuce da yayyafi, ta bayanta ma haka. Famfo ya koma tari da iska. Tankar ruwa ta fara zuwa bakin titi, mu kuma muka koyi jera jarkoki tun rana ba ta yi zafi ba. Hukuma ta hana cika tafkin ado da ruwan famfo, kuma ban ga laifinta ba.

Na ɗauka aikin Baba ya mutu. Ashe juyewa ya yi. Waɗanda ya gina wa tafkuna suka riƙa kiransa ya zo ya kashe su. Wasu ya cike su da ƙasa aka dasa tsiron da ba ya son ruwa. Waɗanda suka ƙi rabuwa da nasu kuwa, sai ya yi musu dabararsa. Ya binne tanki a ƙasa inda rana ba ta gani, ya shimfiɗa raga a kai, ya zuba tsakuwa, ya ɗora dutse guda mai huda. Ya rage ƙarfin inji har ruwan ya daina tsiri, ya koma sulalowa a jikin dutsen ya nutse cikin tsakuwa. Iska ba ta samun feshin da za ta ɗauka, rana ba ta samun buɗaɗɗen ruwan da za ta lasa. Aiki ne mai kyau, amma ba ya dawowa gida da fara'a. Yakan zauna a bakin ƙofa ya daɗe yana kwance igiyar takalmi. Wata rana ya ce min, ba tare da na tambaye shi ba, "Yau na fasa wanda na fi so."

Ni kuwa tausayina ya yi ƙaranci a lokacin. Ni ke bin layin tanka, ni ke ɗauko jarka har wuyana ya ƙage, sannan in zauna kan keke. Kuma kullum da yamma ina kallo Baba zai ɗebi bokiti ya ƙara wa maɓulɓular gida abin da rana ta sha. Ran nan na tsaya a gabansa na buɗe murya.

"Baba, ruwan nan a kaina yake zuwa. Kana gyara na mutane, naka yana shanye mu."

Ya dube ni, ya dubi bokitin. "Kin yi gaskiya," ya ce.

Ranar da na kai Umma asibiti awon suga, ya yi aikin. Muka dawo da yamma a gajiye, na riƙe ta har ɗaki saboda jiri, ta kwanta. Na leƙa tsakar gida na ga kwanonin siminti sun tafi, sai dutse baƙi yana sheƙi a kan tsakuwa, ruwa yana bin jikinsa. Baba yana tsugune ya ɗora tafin hannu a kai, yadda yake gwada kowane aiki tun da kunnensa ya tafi. In hannu ya ji sanyi da motsi, to aiki ya yi. Na ce masa ya yi kyau. Ni mai kunne biyu lafiyayyu, ban lura da abin da ya ɓace ba.

Da safe ina wanke-wanke na ji ƙarar faɗuwar baho. Na fito na tarar da Umma a zaune a ƙasa kusa da dakalin wanki, can nesa da hanyar kicin, ƙwaurinta yana jini. Ba ta yi kuka ba. Kanta kawai take juyawa hagu da dama.

"Wa ya kashe ruwan?" ta ce.

Baba ya fito da hanzari. Na faɗa masa a kunne abin da ta tambaya. Ya nuna dutsen da hannu biyu. "Ba a kashe ba. Ga shi yana aiki, duba mana."

Kalmar "duba" ta fita kafin ya kama ta. Muka yi shiru mu duka uku, kuma a cikin shirun ne na ji abin da Umma ta ji tun da ta buɗe ƙofa. Babu ƙara ko kaɗan. Ruwan yana sulalowa ne kawai, yadda ya tsara shi. Shi da ya daɗe da daina jin maɓulɓula, bai san ya cire mata murya ba.

Daga ranar Umma ta daina fitowa. In tana son banɗaki sai ta kira ni, a hankali, da muryar da ban san ta da ita ba. Ta bar ni na riƙe hannunta. Na sha roƙon ta yarda da hakan, amma da ta yarda sai na ji ba na so. Baba kuma ya daina cin abincin kirki. Ya yi ta zagaya dutsen yana kallo. Mayar da maɓulɓular da ba zai yiwu ba, ya riga ya farfasa ta, kuma ruwan da za ta sha ma babu.

Wata safiya ya shiga kicin ya ɗauko tsohuwar tasa ta ƙarfe. Ya kife ta a kan tsakuwa, ya ɗaga siririn tiyon inji a jikin wayar ƙarfe ya lanƙwaso bakinsa a kanta, ya matse shi har ruwan ya koma fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je da kansa ya fito da Umma, ya zaunar da ita a kujerarta.

"Ni ba na ji," ya ce mata. "Ke za ki gaya min. In ya yi, ki ɗaga hannu."

Suka wuni a haka. Ya ɗaga tiyo, ta girgiza kai. Ya sauke, ta yamutsa fuska. Ya sa ɗan dutse a ƙarƙashin tasar don ta yi amo, ta ce ya yi kama da makera. Ni ce tafinta a tsakani, ina ɗauko maganarta ina kai wa kunnensa, ina rage mata yaji a hanya. Can da rana ta karkata, ɗigon ya faɗi a gefen tasar da wata ƙara siririya mai nisa, sai Umma ta ɗaga hannu. Ta miƙe, ta sa ƙarar a kunnen hagu, ta tafi kicin ta taɓa ƙofar.

"Ka ga ikon Allah," ta ce daga can. "Ɗigo ya gina ɗigo."

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu. Abin kuma ba ya shan fiye da kofi a wuni, don haka ni ma bakina ya mutu.

Da labarin ya tsaya nan da na ji daɗi. Amma farin bai tafi ba, kuma ruwan madatsar da ke ba mu wuta ya ja baya, aka shiga ɗauke wuta wuni-wuni. In babu wuta inji ba ya juyawa, tasa ta yi shiru. Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya ajiye 'yar kujera a gefen tsakuwa, ya buɗe murfin tankin, ya cika buta. Da ya ga labulen ɗakin Umma ya motsa, sai ya karkata butar a kan tasa, ɗigo bayan ɗigo, har ta isa inda za ta. In butar ta ƙare ya sake ɗebowa daga ƙasa. Ya daina karɓar aikin nesa. A zatonsa ba ta sani ba. Ita kuwa ta taɓa ce min, "Injin babanki ya tsufa, har tari yake yi," amma ta hana ni kai masa wannan.

Jiya na dawo daga layin tanka da rana tsaka, wuyana kamar zai karye. Na turo ƙofa na ga Baba a kan kujerarsa, barci ya sace shi, haɓarsa a ƙirji, butar tana rataye a yatsunsa. Umma tana tsaye a tsakiyar gida cikin rana, ba ta nan ba ta can. Ban san tun yaushe take tsaye ba, amma gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ta ji shigowata, ta ɗora yatsa a baki don kada in tashe shi.

Na sauke jarka. Na zare butar daga hannunsa a hankali, na tsuguna, na karkata ta. Don gajiya na zarce, ruwan ya zubo da yawa ya bugi tasar.

Umma ta karkata kai ta saurara.

"Hannu ya canja," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wannan mai fushi ne. Sassauta, ruwan ba naki ba ne ke kaɗai."

Na sassauta. Ta sa ɗigon a kunnen hagu, ta tafi kicin.