Makullin Gidan Dada

Jiya na kai Dada, mahaifiyata, gidan da na gina mata a bayan gari, don ta bar tsohon ɗakinta mai yoyo na unguwar Turaki.

Na nuna mata takardar injiniya, inda ya rubuta "habitable".

"Me ke nan?"

"Wato wurin da mutum zai iya rayuwa, Dada. Ga ruwa, ga iska, ga lantarki."

Ta daɗe tsaye a tsakar gida, tana kallon gajimare yana lulluɓe duwatsu. Ko kukan akuya babu.

Can ta ce, "To idan na kwashe tuwo, wa zan miƙa wa ta katanga?"

Har yanzu makullin yana aljihuna. Jama'a, a wurinku me ke sa gida ya zaunu?