Cukun Malaman Jami'a

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Faransa, na dawo gida Belbeji hutun damina da akwatin littattafai. Akwai jarrabawar baka da ke jirana, wadda sai an ci ta ake barin mutum ya fara rubutun doktora. In na faɗi, a yanke mini bursi, wato kuɗin tallafin karatu, in dawo in koyar da 'yan firamare.

Kullum ina ƙarƙashin aduwar ƙofar gida ina yi wa iska jawabi da Faransanci. Mahaifina ya kalle ni kwanaki, sannan ya jawo buzunsa ya zauna. Ya so ya san yadda abin yake. Na ce malamai uku ne za su zauna su yi mini tambayoyi. Ya tambaya ko sun san amsoshin, na ce sarai.

"To me suke nema wurinka?"

Na karanta littattafai da yawa, babu wanda ya tanadar mini wannan.

Ya ci gaba da bincike: wane ne babbansu, yana da iyali, haƙoransa lafiya? Ina amsawa ina jin daɗin an damu da ilimina. Ashe lissafin gaisuwa yake. Ranar kasuwa ya dawo da cuku mai kyau daga hannun wani abokinsa Buzu, ya kasa uku, kason babban ya fi tsoka.

Na yi masa bayani cewa can wannan sunansa cin hanci, ana iya korata. Ya ce cin hanci a ɓoye ake ba da shi, wannan kuwa a gaban kowa zan ajiye. Ɗansa ba zai shiga gaban manya hannu wofi ba.

Na ɗauka. Da na koma Faransa ranar ta zo, ajiyewa a gabansu dai na kasa, barinsa a ɗakina kuma na kasa. Haka na shiga ɗakin jarrabawa da shi cikin jakata, bayan ya sha zafin mota da na jirgi. Ina bayani kan fatauci a Sahel, babban malamin yana ɗaga hanci yana duban ƙarƙashin tebur.

Sai da suka ce na ci na fito da shi, ina gumi. Suka karɓa da murna, har da tambayar yadda ake ci.

Da na dawo na faɗa wa mahaifina gaskiya, cewa bayan an gama na bayar. Na zaci faɗa zan sha. Ya tambaya ko jakar tana cikin ɗakin tun farko. Na ce tana nan, har warin cukun yana tashi.

"To ai gaisuwa ta isa."

Yau ni ke zama a kujerar masu tambaya. Har yanzu ban gano abin da muke nema wurin yaran nan ba, amma duk wanda ya shigo rungume da jaka, nakan sassauta masa tambayar farko.