An Rufe Fuskarsa, An Bar Ƙofar Gidana

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kai sirrina talabijin, auren 'yata ya lalace. Ni mai walda ne a Rafin Guza, bokona bai yi nisa ba, don haka yadda abin yake zan faɗe shi.

Akwai wani shiri da mutane ke zuwa suna zazzage matsalar gidajensu, a lulluɓe musu fuska, a sauya murya. A lokacin ba ni da abin kallo kamarsa. In an yi la'asar sai mu taru a shagon wani mai aski, muna cin gyaɗa muna yanke wa mutane hukunci. In na ji bala'in wani, sai nawa ya yi mini sauƙi. Ni ma ina da nawa. Shekarun baya, bayan rasuwar babban ɗana, kaina ya taɓu har aka kwantar da ni a asibiti. Dangi suka ce wa unguwa na tafi aiki Zariya. Na warke, maganar ta mutu.

Rannan aka nuno wani yana ba da labarin wahalar da ya sha da yayansa mahaukaci, wai har da igiya ya ɗaure shi. Wallahi har na fara cewa Allah sarki. Sai aka hasko inda yake tsaye. Ƙofar gidana ce, mai zanen ganye, wadda na ƙera da hannuna nake nuna wa masu kawo aiki. Babu wanda bai san ta ba. Mai aski ya kashe na'urarsa, kowa yana kallon ƙasa.

An riga an sa wa 'yata rana, dangin yaron sun gama bincike a kanmu. Sai ga kawunnansa daga Abakpa, suka ce a yi haƙuri, an ce abin yana bin jini. Suka kwashe kayan sa rana. Yarinyar ba ta yi mini kuka ba, ta dai daina fita ko islamiyya.

Masu zaman kallo irina, ku sani duk wanda aka ba da labarinsa yana da 'ya'ya, kuma ba a tambaye su ba.

Na same shi a ƙofar gidansa. Ya ce ai bai kama suna ba, Yaya, darasi ya so mutane su ɗauka, har yabonsa ake yi. Na ce masa igiyar da ya ɗaure ni da ita wancan lokacin na yafe, taimakona ya yi. Wannan kuwa 'yata ya ɗaure da ita. Na ce ya zo ya kalli idonta ya gaya mata darasin, in ba zai iya ba, kada ya sake taɓa ƙofar nan.